Ƙanƙarar da Ta Tafi Sadaka

Hantsi ya fara zafi lokacin da Taiba ta zare allura daga hannun mutum na ƙarshe, ta danna masa auduga, ta ce ya lanƙwashe hannun ya riƙe. A gindin wani dogon yaro ta baje kayanta, dab da kanal ɗin da ke kawo ruwan madatsar Bakolori gonakin Dosara. Manoman da suka ba da jininsu ba su watse ba. Sun tsaya suna kallon yadda take jera ƙananan kwalabe a cikin kula, a kan wani katako da ya raba su da ƙullin ƙanƙarar leda, don jinin ya zauna da sanyi-sanyi ba tare da ya daskare ba.

'Yar garin ce, ɗiyar marigayi Bawa mai albasa, tana karatun digiri na biyu a Sakkwato. Tun daga shukar alkama har aka yanke ta take bin zaure-zaure kafin mutanen nan su yarda su miƙa mata hannu. Ba ta ga laifinsu a nan ba. Iyayensu sun taɓa ganin baƙi da kayan awo, bayan awon aka wayi gari gonaki sun shige ƙarƙashin ruwa. Inda take ganin laifinsu shi ne maganar tsargiya. Ruwa ya kwanta a kanal, ciyawa ta shaƙe shi, katantanwa ta hayayyafa, yaro ya shiga wanka ya fito da cuta. Ranar da ya fara fitsarin jini sai manya su yi murmushi su ce ya soma zama namiji. Shekara da shekaru ana wannan murmushin, ana binne magidanta tun furfura ba ta fito musu ba, ana cewa kwana ne ya ƙare.

Malam Gambo, dattijon da ya fara ba da nasa jinin don sauran su gani, ya gyara zama a kan tushen itacen.

"To ɗiyar Bawa, ƙara faɗa muna. Mi za ki gani cikin jinin ga?"

Taiba ta dubi rana, ta dubi kular. Ta so ta ce sai ta dawo. Amma mutum ya ba ka jininsa, ai ya cancanci amsa.

"Baba Gambo, cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Makamansu wani abu ne da ake kira furotin. In an ƙera shi sabo kamar dogon zare yake fitowa, sai ya naɗe daidai sannan ya yi aiki. In ya cuɗe ya zama shara. To akwai wasu furotin ɗin da ba su da aiki sai su riƙe sabon, su hana shi cuɗewa, har ya naɗu. 'Yan rakiya muke ce musu."

"Kamar mai riƙe wa liman bakin rawani ran Idi."

"Kamar shi. Kuma in soja ya kama ƙwayar cuta, yakan gutsuro ta ya ɗora a kan wani abu kamar faifai, ya ɗaga ya nuna wa sauran sojoji, ga ɓarawon, ku shaida shi. Su 'yan rakiyar ne ke tallafe faifan har a ɗora. Kai da ƙanenka ruwa ɗaya kuke shiga, shi cutar ta kwantar da shi, kai kana nan da ƙarfinka. Ina son in ga ko bambancin na wurin 'yan rakiyar ne."

"Ni dai na san bambancin," in ji wani daga baya. "Shi Gambo rowa ta hana cuta samun abin ci a jikinai."

Aka yi dariya. Taiba ta raba musu maganin tsargiyar da ta zo da shi, ta rufe kula, ta ɗauke ta da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri, ta nufi mota.

Motar ta kawunta ce, Jatau, ƙanen mahaifiyarta, wanda ke jigilar fasinja tsakanin Maradun da Talatar Mafara. Yau ya bar lodi don ita. Mutum ne mai faɗin fuska da faɗin hannu, irin wanda ba ya iya cin goro shi kaɗai. Sai da ya gaisa da kowa a gindin itacen, ya tambayi iyali, ya tambayi alkama, ya tambayi jaki, kafin ya tada mota.

"Kawu, ka ji abin da zan faɗa maka," in ji ta bayan sun hau hanya. "Ƙwayoyin nan da ransu a cikin kwalabe. In zafi ya taɓa su za su ɗauka zazzaɓi ne, su shiga ƙera 'yan rakiya ba ji ba gani, don haka Allah ya yi su. In na je na auna, zafin hanya zan auna, ba tsargiya ba. Aikin duka ya tashi a banza."

"Na jiya, likita."

"Ba likita ba ce ni. Ka dai ji?"

"Na ce na jiya. Kafin azahar kina Sakkwato, in Allah ya so."

Ya ƙara ƙarar rediyo. Bazara ta kai maƙura, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Taiba na gidan baya, hannunta ɗaya a kan murfin kula, idonta a kan kowane rami.

A gidan mai na Mafara abin ya faru. Wani mutum ya leƙo ta taga, suka gaisa da Jatau, sannan ya rage murya ya ce ko ya ji Malam Audu na Bakura ya rasu, jiya aka kai shi. Jatau ya kashe rediyo. Ya yi salati, ya shafa fuska. A hannun Malam Audu ya yi karatun allo, a zaurensa ya kwana shekaru.

Da suka kai mararrabar Bakura ya karya kan mota ba tare da ya tambaye ta ba.

"Kawu."

"Fatiha guda ce."

"Mu kai jinin mu dawo. Da la'asar muna nan, mu zauna har magariba in kana so. Malam ba zai ƙara nisa ba."

"Ki iya bakinki, Taiba. In wuce hanyar gidan malamina da mota, 'yan tasha na kallona? Gobe da wane ido zan dubi ɗiyansa?"

Ta san wannan Fatihar guda. Ta taɓa ganin ta cinye wuni.

Ƙofar gidan cike take da tabarmi. Jatau ya sami inuwar wata tsamiya ya faka. Taiba ta ce ita za ta zauna cikin mota. Ya ce ba zai yiwu ba, Inna Saude, matar marigayin, ita ta goyi Mairo, mahaifiyar Taiba. In ta ji ɗiyar Mairo ta zo har ƙofa ba ta shiga ba, zancen zai kai shekara goma ana yi. Ta ce to za ta shiga da kular. Ya dube ta kamar ta yi saɓo.

"Jinin mutane cikin gidan makoki? Kuma mata su ɗauka abinci kinka kawo, a buɗe gaban jama'a? Bar ta nan. Ga inuwa."

Ta sauke gilasai kaɗan, ta lulluɓe kular da zane, ta gyara mayafi ta shiga.

Inna Saude na zaune a tsakiyar ɗaki, ta ƙanƙance, carbi a hannu. Taiba ta durƙusa. Ya haƙuri. Haƙuri sai ma'aiki. Allah ya jiƙan Malam. Amin. Allah ya sa ya huta. Amin. Tsohuwar ta kama hannunta ba ta saki ba. Ta tambayi Mairo, ta tambayi ƙafar Mairo, ta ba da labarin ranar da Mairo ta faɗa rijiya tana ƙarama, ta yi kuka, ta koma kan yadda Malam ya cika da kalmar shahada. Duk wadda ta shigo sai an sake gaisuwar daga farko, kuma sai an gabatar da Taiba: ɗiyar Mairo ce, likita ce a Sakkwato. Nan take wata ta kware hannun riga ta nuna mata ƙuraje. Wata ta ce mijinta ba ya barci. Wata ta tambaya ko har yanzu karatun ne, ba a ga mijin ba.

Taiba na amsawa, hankalinta na kan kular. Ta ƙofar ɗaki tana ganin inuwar katanga na janyewa daga tsakar gida. Sau biyu ta yunƙura, sau biyu Inna Saude ta ƙara damƙe hannun.

"Ba ki tashi ba ki sha ko ruwa ba."

Sai ga wata mata ta shigo da babban kwano. Aka miƙa wa tsohuwar ta kurɓa, ta lumshe ido, aka miƙo wa Taiba. Ruwan ya sauka maƙogwaronta da sanyi har cikin kai. Ta sake kurɓa. Wani guntun ƙanƙara ya bugi leɓenta.

"Kai, Allah ya yi wa mai wagga sadaka albarka," in ji wata. "Rabonmu da wuta a garin ga tun kafin azumi."

Taiba ta sauke kwanon a hankali. Garin da ba wuta, daga ina ƙanƙara? Ta zare hannunta daga na Inna Saude, ta ce a gafarce ta, ta fita ba ta jira amsa ba.

A gindin tsamiya yanzu tabarmi ne da dattawa. An matsar da motar can fili don baƙi su sami inuwa, rana na dukanta ta ko'ina. Ta ratsa gefen maza kanta a ƙasa, tana jin idanu a bayanta. Ƙarfen ƙofar ya ƙona mata hannu. Zanen da ta lulluɓa yana ƙasa, murfin kular bai zauna daidai ba. Ta ɗaga. Ƙulli ɗaya aka bari, shi ma ya zama ruwa. Ma'aunin zafin da ta saka a ciki ya haura arba'in. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta kara a kumatunta, ta ji ta kamar goshin yaro mai zazzaɓi.

Ba ta yi magana a wurin ba, gidan mutuwa ne. Ta shiga ta zauna cikin zafin har Jatau ya gama sallama da kowa ya zo yana share ido. Sai da suka bar gari ta ce ya tsaya.

"Kai ka ɗebi ƙanƙarar?"

"Ni na ɗiba. Taiba, da kin ga tsofaffin nan. Liman na ta zufa, wani har ya fara ganin jiri, ruwan randa kamar an dafa shi. Ni ina zaune na san akwai ƙanƙara cikin motata. In yi shiru?" Ya juyo ya dube ta. "Ai na bar miki guda. Ladar ta tafi ga Malam, ke ma kina da kaso."

"Na faɗa maka. Da bakina na faɗa maka, ka ce ka ji."

"Na ɗauka guda ta isa. Kwalaben ƙanana ne."

"Da kuɗinka ne a ciki da ka tambaya ko guda ta isa. Jinin Baba Gambo ne, shi ya sa ba komai. Kullum ba komai. Kanal ya toshe, ba komai. Yara na fitsarin jini, ba komai. Mun iya yi wa mamaci hidima, Kawu, wallahi mun iya. Mai rai ne ba mu san abin da za mu yi da shi ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai ne a gabana."

Ya murza sitiyari da babban yatsa. Ba mugu ba ne, ta sani, kuma wannan ya fi ci mata rai. Da mugu ne da ta san inda za ta ajiye fushin.

Can ya ce, cikin lallashi, "To ai jinin bai zube ba. Ga shi nan ja wur yadda kinka ɗebo shi. Mu sayi wata ƙanƙarar a hanya, ya huce, ki kai. Wa zai sani?"

Ba wanda zai sani. Wannan gaskiya ne, kuma ta tsaya a kanta fiye da yadda ta so. In ta kai jinin nan ɗakin gwaje-gwaje, na'ura za ta nuna 'yan rakiya sun yi yawa a jikin kowa, fiye ma da abin da take fata. Sakamako mai kyan gani. Malaminta na jami'a zai ji daɗi, ta gama cikin lokaci, a rubuta cewa haka jikin manoman Dosara ke yi da tsargiya. Wani ya karanta ya ɗora nasa aikin a kai, wani ya ɗora a kan na wancan, alhali abin da ta auna rana ce da gidan bayan motar Jatau. In kuwa ta koma, sai ta tsaya gaban mutanen da ta sha wahalar shawo kansu ta ce musu ta ɓata abin da suka ba ta amana.

Mararraba na gabansu. Manyan motoci na wucewa Sakkwato da buhunan albasa.

"Mu koma Dosara," in ji ta.

"Taiba, ki yi tunani."

"Na yi. Juya."

An idar da la'asar suka isa. Mazan na zaune a ƙofar masallaci, wasu da auduga har yanzu a maƙale a hannu. Ganin motar da wuri haka ya sa hira ta tsaya. Taiba ta fito da kular ta ajiye a gabansu, ta durƙusa nesa kaɗan. Dole aka yi gaisuwa, doguwa, har da ya hanya, har da ya rana. Sannan ta faɗa musu. Ba ta ambaci kawunta ba. Ta ce zafi ya shiga jinin, ƙwayoyin sun ruɗe, abin da za su nuna yanzu ƙarya ne. Ta ce tana roƙon su sake ba ta.

Wani magidanci mai suna Tukur, wanda shi ne ya fi ba ta wuya tun farko, ya yi tsaki.

"Jinina ba ruwan kanal ba ne da za a buɗe a rufe. Tun safe nike jin hannuna ba ƙarfi. Kin ce kin iya, munka yarda. Ashe ko riƙo ba ki iya ba."

"Haka ne," in ji Taiba. "Ban riƙe ba."

Jatau, wanda ke tsaye jikin mota, ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Ba ita ba ce. Ni na kwashe ƙanƙarar na ba masu zaman makoki a Bakura."

Aka juya gaba ɗaya aka dube shi. Malam Gambo ya fara tambayar wa ya rasu. Da ya ji, aka yi salati, aka shafa Fatiha, Taiba na durƙushe tana jira. Sai bayan an shafa ya ce:

"Wato Jatau, kai ka yi sadaka, mu munka biya. Ka kyauta. Gobe in za ka yi layya ka zo ka ɗauki ragona."

Wasu suka yi dariya, Tukur bai yi ba. Malam Gambo ya nuna kular da sandarsa.

"Shi wanga da ya ɓaci, mi za a yi da shi?"

"A can ƙona shi ake yi, Baba."

"A'a. Jinin Musulmi ba a ƙona shi muna kallo. A rufe shi. Wanda ya yi sadaka shi ka gina ramin."

Aka kawo fartanya. Jatau ya tuɓe babbar riga, ya bi bayan masallaci ya fara sara busasshiyar ƙasa, zufa na zuba, masu kallo na gyara masa: ƙara zurfi, ba tuwo za ka binne ba. Taiba ta sa safar hannu ta jera kwalaben a ramin ɗaya bayan ɗaya. Kowace da sunan mai ita a jiki, da rubutun hannunta. Ta ga aikin rani guda na shiga ƙasa. Aka tura ƙasa aka daddanna, aka ɗora dutse saboda karnuka.

Malam Gambo ya kakkaɓe hannu, ya dubi jama'a.

"Yarinyar ga da ta wuce da shi ba mu sani ba. Ni dai in an ci kasuwa, washegari da sassafe ina gindin dogon yaro. Wanga hannu an huda shi, sai ta huda ɗayan. Ban ce kowa ya zo ba."

Wani tsoho ya ce shi ma. Wani ya ce sai ya ga yadda jikinsa ya kwana. Da yawa suka dubi ƙasa. Tukur ya saɓa fartanyar, don tasa ce, ya kama hanyar gida, mutum uku ko huɗu suka bi bayansa. Taiba ta bi fuskokin da suka rage da ido. Ba su kai rabin na safe ba, kuma da rabi aikin ba zai tsaya ba.

"Shiga mu tafi," in ji Jatau a hankali. "Uwarki na can tana jira. Ranar nan ni zan sayi ƙanƙarar, kula biyu."

"Je ka gaya mata ina nan tafe."

Ta cire safar hannun, ta wanke hannu da butar masallaci, ta gyara mayafi. Tukur bai yi nisa ba, tana hango fartanyar na lilo a kafaɗarsa a bakin lungu. Ta ɗaga ƙafa ta bi shi, tana shirya gaisuwar da za ta fara da ita a ƙofar zaurensa.